Batirin mota marar buɗewa: Kulawa da farfaɗo da shi

A garuruwan Jega da Aliero da Maiyama na jihar Kebbi, inda zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selshiyas a watannin Maris zuwa Mayu, batirin mota kan mutu tun kafin lokacinsa.

Mutuwar batir a kan hanya asara ce ga direban da ya yi lodin albasar Aliero ko na fasinja daga tashar Jega.

Yadda yake aiki

Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin dalma da asid a shekarar 1859.

Batirin mota yana da ɗakuna shida, kuma idan ya cika da caji yakan nuna kimanin volt 12.6 a na'urar awo.

Shi dai marar buɗewa an rufe shi ne tun daga masana'anta, ba a yi shi domin a riƙa ƙara masa ruwa ba.

Sai dai kuma zafi yana ƙafar da ruwan cikinsa sannu a hankali, yana kuma cinye farantan dalmar.

Kulawa

Ajiye mota a inuwa, da goge kan batir, da ɗaure shi tamau saboda gargada, duk suna ƙara masa kwana.

Kazalika ya kamata altaneta ya riƙa ba shi kimanin volt 14 idan inji na aiki.

Motar da za ta daɗe a ajiye kuwa, a cire mata wayar batir, a kuma riƙa yi masa caji lokaci zuwa lokaci.

Farfaɗowa

Idan batir ya zauna babu caji, wani farin gishiri kan daskare a jikin farantansa.

Matuƙar abin bai yi nisa ba, caji mai sauƙin wuta na tsawon sa'o'i da dama kan dawo da shi.

Amma wanda ya kumbura, ko ya tsage, ko ɗakinsa guda ya mutu, ba ya gyaruwa.

Ɓalle murfin a zuba sabon asid ba magani ba ne, kuma iskar da batir ke fitarwa yayin caji na iya fashewa idan ta haɗu da tartsatsi.

Ita ma dalmar guba ce, musamman ga yara. A shekarar 2010 dalmar da ke cikin duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a jihar Zamfara mai maƙwabtaka.

Don haka bai kamata a fasa mataccen batir ko a narka dalmarsa a cikin gida ba.