Daga Man Zurma zuwa DOT 4: Me Ya Sa Man Birki Yake Tsufa?

Tambayi duk mai mota a Dutse yaushe ya yi juyen baƙin mai, zai gaya maka har da ranar. Tambaye shi man birki kuwa, sai ya ce ai wannan ba ya lalacewa, in ya yi ƙasa yaron gareji ya yi masa ciko. Amma littafin yawancin motocin Turai cewa ya yi a zubar da shi gaba ɗaya duk shekara 2, Honda kuma ta ce duk shekara 3, ko motar tana aiki ko tana ajiye. Wasu na ganin dabarar 'yan kasuwa ce kawai. Gaskiyar ita ce, ƙa'idar ta fito ne daga wani zaɓi da injiniyoyi suka yi da gangan, kuma sai ka bi tarihin za ka gane dalili.

Motocin farko birkinsu na sanda da waya ne, kamar na keke. Ka taka, waya ta ja. Matsalar ita ce ƙarfin ba ya isa tayoyi daidai wa daida, sai motar ta riƙa fizga gefe guda. Tun ƙarni na 17 Blaise Pascal, wani masani Bafaranshe, ya nuna cewa in ka matsa ruwa a cikin rufaffen abu, matsin yana isa ko'ina daidai. A 1917 wani Ba'amurke, Malcolm Loughead, wanda daga baya aka mayar da rubutun sunansa Lockheed, ya yi rajistar birkin da ke aiki da wannan ƙa'ida: ƙafarka ta tura mai a cikin siririn bututu, man ya tura birkin kowace taya. Duesenberg ta fito da shi a motarta a 1921, Chrysler ta biyo baya a 1924. Henry Ford ya yi taurin kai, motocinsa ba su koma birkin mai ba sai 1939.

To wane mai aka fara zubawa? Man zurma, wato cika-gida ɗin nan da ke fitowa a bayan gidajenmu da kan juji, an gauraya shi da sinadarin alkohol don ya tsinke. Dalilin zaɓensa shi ne ba ya cin robobin da ke hana yoyo, alhali duk man da aka tace daga ɗanyen fetur yana kumbura su. Wannan dalilin har gobe yana nan. Shi ya sa ɗigon baƙin mai ko man giya a kofin birki yake iya kashe robobin mota kakaf.

Haɗin zurma ya yi aiki lokacin da motoci ba su da gudu. Da gudu ya ƙaru, sai zafi ya tona masa asiri. Birki dai ba komai yake yi ba illa mayar da gudu ya zama zafi. Yi lissafi: mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, in ta tsaya cak, zafin da za ta zubar ya kusa kai lita 2 ta ruwan randa ga tafasa. Taku ɗaya ke nan. Da birkin faifai ya shigo a shekarun 1950, irin na Jaguar a tseren Le Mans na 1953 da Citroën DS ta 1955, man ya ƙara kusantar wurin da ke ɗaukar zafi. Dole aka koma wani sinadari mai suna gilaikol, wanda ba ya saurin tafasa.

Nan ne zaɓin da na ce maka yake. Gilaikol yana shan ruwa daga iska, kamar yadda gishiri yake jiƙewa a watan Agusta. Za ka ce aibi ne, amma injiniyoyi sun karɓe shi ido buɗe. Laima dole ta shiga, ta murfin kofi, ta jikin tiyon roba. In man ba ya shan ta, sai ta taru wuri guda a can ƙasa kusa da taya, ta ci ƙarfe, ta tafasa a digiri 100, a ƙasashen sanyi ma ta daskare. In kuwa ya shanye ta, sai ta watsu a jikinsa, illar ta zo a hankali. Kuɗin da aka biya shi ne, man yana da ranar mutuwa.

Lambobin da kake gani a jikin roba, DOT 3 da DOT 4, sunan ma'aikatar sufuri ta Amurka ne, ita ta kafa ma'aunin. Sabon DOT 3 bai kamata ya tafasa ƙasa da digiri 205 ba, amma in ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin ya sauko 140. DOT 4 daga 230 yake saukowa 155. Ka ga, ruwa ɗan kaɗan ya cinye digiri 65 zuwa 75. In mai ya tafasa, tururi yake zama, shi kuma tururi yana matsuwa. Sai ka taka feda ta tafi har ƙasa, mota ba ta ji ba. Abin haushin, in ya huce birkin yana dawowa garau, bakanike ya duba ya ce lafiya lau. Akwai DOT 5 na silikon da ba ya shan ruwa, amma ba a haɗa shi da sauran, kuma bai dace da motoci masu ABS ba.

Yanzu dawo gida. Lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, mai 404 ko 504 sabuwa yake saye, da littafinta. Yau yawancin Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Dutse, Kano da Birnin Kudu 'yan Kwatano ne, sun sha laimar Turai shekara da shekaru kafin su iso, babu littafi, babu wanda ya san yaushe aka yi musu juye na ƙarshe. Gaskiya ne busasshiyar iskar hunturu tana rage saurin shan ruwa, kuma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba gangaren Filato ba. Amma ka haɗa zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da lodin da ya wuce ƙima ranar kasuwar Shuwarin, da taka birki a kai a kai saboda ramuka da shingaye, a ganina rangwamen ya tafi.

Ciko kuma ba juye ba ne. Sabon man yana zama a kofi, tsohon mai jiƙaƙƙe yana can ƙasa inda zafin yake. In ma kofin ya yi ƙasa, saƙo ne: ko takalman birki sun cinye, ko akwai yoyo. Kala ba ma'auni ba ce, mai yana iya zama fes alhali ya sha ruwa. Akwai 'yar na'ura mai kama da biro da ke auna ruwan. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa in sun maƙale a hanya kuwa, a digiri 100 yake tafasa, kuma yana cin bututu.

Saboda haka in ka sayi 'yar Kwatano, ka sa a yi juye tun makon farko, a fitar da tsohon ta kowace taya har sai sabo ya fito, sannan ka maimaita duk shekara 2. Ka duba lambar da ke kan murfin kofi, ita za ka saya, kuma a rufaffiyar roba. Wadda aka buɗe tun bara tana kan kanta a shago ta riga ta fara shan ruwanta.