Daga Makullin Durowa Zuwa Kalmar Sirri: Tarihin Tsare Bayanan Makarantunmu a Jos

Iyaye da malamai da dama sun tambaye mu dalilin da ya sa ake ta matsa wa ma'aikatan makarantu a kan kalmar sirri, da hana sa filash a kwamfutar ofis, da hana tura sakamakon yara a guruf ɗin WhatsApp. Wasu na ganin tsirfa ce irin ta 'yan boko. Kowace ɗaya daga cikin dokokin nan wata ɓarna ce ta haife ta, shi ya sa muka ga ya dace mu bi tarihin abin tun daga tushe.

Kafin kwamfuta, sirrin makaranta a durowar ƙarfe ta hedimasta yake: rajistar shiga, littafin sakamako, takardun shaidar kammalawa. Makulli ɗaya, mutum ɗaya, idan abu ya ɓata an san wanda za a tambaya. Duk da haka ba a tsira ba. A 1977 tambayoyin jarrabawar WAEC suka fita kafin lokaci, har aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun, kuma daga nan kalmar "espo" ta zauna a bakin ɗalibai. A 1984 gwamnatin soja ta yi doka mai ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, a 1999 aka sake wata. Abin lura shi ne, takardar da aka rufe da hatimi ba ta fita sai da hannun wanda aka ba wa amana.

Maganar kwamfuta a makarantu ta shigo a hukumance a 1988, lokacin Farfesa Jibril Aminu yana ministan ilimi, aka fara da kwalejojin gwamnatin tarayya. Makarantun unguwanninmu na Gangare, Unguwar Rogo da Rikkos labari kawai suke ji. Amma Jos tana da nata gurbin a wannan tarihi, wanda yawancinmu ba mu sani ba. Wani Ba'amurke daga Jami'ar Iowa, Cliff Missen, ya zo koyarwa a Jami'ar Jos a tsakanin 1998 da 1999, ya sha wahalar rashin intanet. Da ya koma sai ya kafa shirin WiderNet, wanda ya samar da eGranary, wato rumbun littattafai da shafukan intanet da ake kwafa a faifai guda a ajiye a cikin makaranta, kowa ya karanta ba tare da ya hau intanet ba. Sunan ma daga rumbun hatsi aka ɗauko shi. Daga baya gidauniyar Carnegie ta tallafa wa jami'ar wajen shimfiɗa hanyar sadarwar kwamfutoci. A wancan zamani damuwar kowa ita ce yadda za a samu shiga, tsaro kuwa bai wuce ƙofar ƙarfe da kwaɗo a ɗakin kwamfuta ba.

Zuwan wayar salula a 2001 da yawaitar shagunan intanet a cikin gari suka canza lissafin. Da hukumomin jarrabawa suka mayar da rajista da duba sakamako kan intanet, sai malamin jarrabawa ya riƙa ɗaukar sunayen ɗalibai da hotunansu a filash ya kai kafe. Ya dawo da aikin, ya kuma dawo da bairos. Duk wanda ya yi aikin ofis a shekarun nan ya san cutar da ke ɓoye fayiloli a filash ta bar inuwarsu kawai. Wannan hanya tsohuwa ce: bairos ɗin da ake kira Brain, wanda wasu 'yan uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, ta faifan hannu ya riƙa yaɗuwa. Dokar hana sa filash na waje a kwamfutar makaranta daga nan ta samo asali.

JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013 a zamanin Farfesa Dibu Ojerinde, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, sannan a 2021 ta wajabta lambar NIN. A nan ne, a ganinmu, haɗarin ya sauya kama. Yanzu sunan yaro, ranar haihuwarsa, hotonsa, lambar NIN ɗinsa da lambar wayar mahaifinsa duk suna zaune wuri guda, sau da yawa a wayar malami ko a kwamfutar mai kafe. Wanda ya samu waɗannan zai iya buga wa uba waya, ya faɗi sunan ɗansa da ajinsa daidai, ya ce an riƙe sakamako sai an turo kuɗi. Uban da ya ji an ambaci bayanan da makaranta kaɗai ta sani, da wuya ya yi shakka.

Kada mu ɗauka rashin kuɗi ne kawai matsalar. A watan Satumba na 2022 masu kutse suka shiga kwamfutocin hukumar makarantun Los Angeles, ta biyu mafi girma a Amurka, suka nemi kuɗin fansa, da aka ƙi biya suka watsa bayanan da suka sata. A Disamba 2024 aka shiga kamfanin PowerSchool mai ajiye bayanan miliyoyin ɗalibai, kuma da kalmar sirrin mutum ɗaya da aka sace aka buɗe ƙofar, domin babu mataki na biyu na tantancewa a wurin. Mataki na biyun nan shi ne lambar da ake turo wa wayarka bayan ka sa kalmar sirri, irin wadda banki ke turowa. Kyauta ne a Gmail da WhatsApp, kuma kunna shi bai kai minti biyar ba.

A nan gida doka ta biyo baya a makare. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5, ko tarar da za ta iya kaiwa naira miliyan 5, ga wanda ya shiga kwamfutar wani ba izini da nufin zamba ya kwashi bayanai masu muhimmanci ga tsaron ƙasa. A 2019 hukumar NITDA ta fitar da ƙa'idar kare bayanai, sannan a watan Yuni na 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC. Ita wannan ta shafi duk makarantar da ke tara bayanan yara, ta gwamnati ko ta kuɗi ko Islamiyya. Ta buƙaci yardar iyaye a wuraren da ake neman yarda kan bayanan yaro, ta kuma ce idan bayanai suka fita ta yadda za su iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Shugabannin makarantunmu nawa ne suka san da wannan wa'adi?

Akwai kuma darasin da mu mutanen Jos ba ma buƙatar a koya mana daga waje. Mun ga gobarar kasuwar Taminus a Fabrairun 2002, mun ga rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010, mun san mutanen da takardunsu suka ƙone suka yi shekaru suna neman madadin. Kwamfuta ɗaya a ofishin hedimasta ba ta fi durowar ƙarfe tsira daga wuta ko ɓarawo ba. Shi ya sa dokar ajiye kwafi na biyu a wani wuri daban ta fi kowace muhimmanci a wurinmu, ko da yake ita aka fi yi wa sakaci.

Abin da muke roƙon shugabannin makarantu bai da tsada. Kowane ma'aikaci ya samu tasa kalmar sirrin, a daina rubuta guda ɗaya a takarda ana mannawa a jikin kwamfuta, domin idan maki ya canza a san hannun wa ya taɓa. Ranar da malami ya bar aiki ko aka yi masa canjin wuri, a rufe hanyarsa a ranar, a cire shi daga guruf. Mun san malamai da yawa da wayarsu da datarsu suke yi wa makaranta aiki, kuma ba adalci ba ne a ɗora musu doka ba a ba su kayan aiki ba; wannan nauyin masu makaranta ne da hukumomin ilimi. Iyaye kuma, duk wanda aka buga wa waya da sunan makaranta ana neman kuɗi ko wata lamba da aka turo masa, ya kashe wayar ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin hedimasta ya tambaya.