A BAR KAZA CIKIN GASHINTA: TARIHIN JINYAR KAZAR GIDA A ƘASAR HAUSA

Yau za mu ɗan jingine labarin soyayya, mu leƙa bayan ɗaki inda akurki yake. Mu marubuta ba mu cika tunawa da kaza ba sai a daren farko, lokacin da ango zai shigo da ledar kazar amarci, alhali a gidaje da yawa kazar nan ita ce asusun mace, ita ake kamawa a sayar in yaro ya kwanta ciwo ko an koro shi kuɗin makaranta. Don haka ranar da uwargida ta ga bayan kazarta ya tsige, fata ta yi jawur, to jarinta ne ya fara zubewa.

Kaza dai baƙuwa ce a wurinmu, zabo shi ne ɗan gida. Asalinta wata tsuntsuwar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya, wajajen Tailan da Bama, daga can ta yi ta bin fatake har ta iso Afirka. Masu tonon kayan tarihi sun samu ƙasusuwanta a tsohon garin Jenne na ƙasar Mali, waɗanda suka haura shekara 1,000 a binne. Tun wancan zamani take tare da abokan tafiyarta, wato ƙwarƙwata da ƙuma da kaska, kuma tun lokacin mata ke neman yadda za su raba ta da su.

Maganin farko da kakanninmu suka riƙe shi ne toka, kuma wurin kazar suka koya, domin sun ga yadda take birgima a turɓaya tana kakkaɓe jiki. Sai su zuba tokar murhu mai sanyi a gindin danga, ko su kama kazar su cuɗa mata a ƙarƙashin fiffike da gindin wutsiya, inda ƙwarƙwata ke taruwa. Toka tana busar da jikin ƙwaron ne. Akurki kuwa a share shi, a ƙona tsohuwar shimfiɗa, a turara hayaƙi, saboda akwai kaskar kaji da ba ta wuni a jikin kaza, a tsagar bango take ɓuya, sai dare ya yi ta fito shan jini. In kuma ƙafa ce ta yi kaushi ta tattashi kamar ɓawon itace, sai a shafe ta da man shanu ko manja. Ilimin yau ya gaskata su, domin wani mitsitsin ƙwaro ne ke shiga ƙarƙashin ɓawon ƙafar, maiƙo kuwa yana toshe masa numfashi.

Tsofaffi sun kuma san ba kowace tsigewa ce ciwo ba. Kaza mai kwanci da kanta take cire gashin ƙirjinta don ɗumin jikinta ya taɓa ƙwai a kwana 21 da za ta yi a kansa. Babbar kaza tana sauya gashi kamar sau ɗaya a shekara, ta dakatar da ƙwai har sabo ya fito. Akwai kuma irin da Allah Ya halitta da wuya tsirara, ita wannan ta ma fi jure zafi. A irin waɗannan wurare maganin shi ne karin maganar nan, a bar kaza cikin gashinta.

Da Turawa suka zo sai abubuwa biyu suka shigo. Na farko darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina. Da yawanmu mun ɗauka tun fil'azal take nan, alhali itaciyar Indiya ce, a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Ba a daɗe ba mata suka gane ɗacinta yana korar ƙwari, suka shiga shimfiɗa ganyenta a akurki. Na biyu likitancin dabbobi, wanda cibiyarsa ta zauna a Vom kusa da Jos a 1924. Sai dai hankalin hukuma a lokacin yana kan shanu da cutar bushiya, domin a jikin shanu jangali yake. Kazar tsakar gida aka bar wa mata da tokarsu. Har lokacin da aka tabbatar da cutar Niyukasil a Ibadan a 1952, wato annobar nan mai share akurki da hunturu, rigakafinta ya fi isa manyan gonaki kafin ya iso ƙauye.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai zamanin guba ya kama. Aka samu DDT, aka samu Gamalin da aka kawo don feshin koko a kudu, daga baya fiya-fiya ta cika kasuwa. Mutane suka ga abu yana kashe ƙwaro nan take, sai aka raina toka. Wasu har kananzir da baƙin man mota suke shafa wa kaza a fatar da ta riga ta yi rauni. Kash! Kananzir ƙona fata yake yi, gubar kuwa tana ratsa jiki ta sauka a ƙwai da naman da yara za su ci. Sinadarin da ke cikin Gamalin sai da ƙasashen duniya suka sa shi a jerin abubuwan da aka haramta a 2009. Kada mai karatu ya ce jahilcinmu ne kaɗai, domin a 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga kantunan Turai, bayan an gano an fesa wani maganin ƙwari mai suna fifronil a gonakin kaji na Holan da Beljiyam, don kashe ƙwaron da ke shan jinin kaji.

Kajin gidan gona su ma sun zo da nasu salon. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta fitar da kazar ƙwai mai suna Shika Brown a 2000, kiwo ya shiga birni, aka fara tara kaji masu yawa a ɗan keji. Kazar da ke yawo tana tsintar gara da fara da tsutsa, wadda aka kulle kuwa sai abin da aka ba ta. Gashi kusan dukkansa sinadarin gina jiki ne, in dusa zalla ake ba kaza sai ta fara cizgar na 'yar'uwarta, da zarar jini ya fito kuma sauran su taru a kanta da sara. Sannan a Fabrairun 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye a jihar Kaduna, kafin watan ya ƙare ta isa Magarya a Nijar. Daga nan aka koyi cewa kazar da ta yi zugum, ko kaji suka fara mutuwa a jere, ba aikin toka ba ne, malamin dabbobi ake kira.

To, me tarihin nan ya bar wa mai kaji a yau? A fara duba dalili kafin magani. A ɗaga fiffike da rana, a haska akurki da dare. In bayan kaza ne da ƙeyarta suka tsige, zakaru sun yi yawa, ɗaya ya ishi kaji goma. Mai rauni a ware ta, a wanke wurin da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, a bar ta ita kaɗai har ya warke. A ƙara musu ƙuliƙuli ko garin kifi. In ƙwari sun fi ƙarfin toka da darbejiya, a karɓo hodar da aka yi don kaji a wurin malamin dabbobi, a maimaita bayan mako guda saboda ƙwayayen da za su ƙyanƙyashe, a kuma tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Allah Ya albarkaci abin da muke kiwo. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.