Yadda Katangar Tsaro Ta Koma Binciken Mai Fita

A ranar 2 ga Nuwamba 1988, Robert Tappan Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya saki wata 'yar manhaja mai yaɗa kanta daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Kafin a shawo kanta, an ƙiyasta ta durƙusar da kwamfutoci kusan 6,000, wato kimanin ɗaya bisa goma na duk waɗanda ke haɗe da intanet a lokacin. Intanet ɗin wancan zamani ta jami'o'i ce da cibiyoyin bincike, an gina ta bisa yarda da juna. Wannan ɓarna ta sa aka kafa cibiyar ɗaukin gaggawa ta CERT a Jami'ar Carnegie Mellon, ta kuma ƙara wa injiniyoyi azama wajen ƙera abin da ake kira fayawol, wato katangar tsaro.

Katangun farko ba su da wani zurfi. Duk saƙon da ke tafiya a intanet ana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa na ɗauke da adireshin inda ta fito, da inda za ta, da lambar tashar da take nema: 80 ta shafukan yanar gizo, 25 ta wasiƙun imel. Katanga sai ta duba waɗannan lambobi, ta bari a wuce ko ta hana. A farkon shekarun 1990 kamfanin DEC ya fara sayar da wadda Marcus Ranum ya yi aiki a kanta. A 1994 Bill Cheswick da Steven Bellovin na Bell Labs suka fitar da littafin da ya zama madogarar masu wannan fanni. A shekarar ce kuma kamfanin Check Point na Isra'ila ya fito da FireWall-1, wadda ke riƙe lissafin kowace zantawa, ta gane amsar da aka nema daga ciki, ta ware ta daga saƙon da ya faɗo ba gayyata.

Duk waɗannan na manyan kamfanoni ne da ma'aikatu, kuma fuskarsu waje take kallo. Kamar maigadi ne da aka ce ya tsare baƙi, amma ba a ce ya duba abin da 'yan gida ke fita da shi ba.

Mai kwamfuta a gida bai shiga lissafi ba sai ƙarshen shekarun 1990. Da can yakan buga layin tarho ya hau intanet na ɗan lokaci ya sauka. Da layuka masu sauri suka bazu a Amurka da Turai, kwamfutar gida ta koma tana kwana tana wuni a haɗe. A 1998 ƙungiyar Cult of the Dead Cow ta fitar da Back Orifice, a 1999 Sub7 ta biyo baya. Manhajoji ne da ake ɓoyewa cikin wasa ko wani fayil. Da mutum ya buɗe, wani daga nesa ya samu ikon karanta takardunsa da ganin abin da yake bugawa. Da ɗan gari akan ci gari: maharin ba ya buƙatar fasa katanga idan akwai nasa a ciki.

A nan ne kamfanin Zone Labs na San Francisco ya yi suna da ZoneAlarm, wadda ya bayar kyauta ga masu amfani a gida. Tunda a cikin kwamfutar take zaune, tana ganin abin da katangar bakin ofis ba ta gani, wato wace manhaja ce ta aiko da saƙon. Mutum na cikin aikinsa sai ɗan akwati ya ɓullo a gefen allo, ɗauke da sunan manhaja, yana tambaya: wannan tana son fita intanet, a bar ta ko a hana? Ga wurin latsawa idan ana so a tuna da amsar. Mutane da yawa a lokacin ne suka fara gano cewa manhajojin kyauta da suka sauke suna tuntuɓar kamfanonin talla ba da saninsu ba.

A shekarar 2000 Steve Gibson ya fitar da wani ɗan gwaji mai suna LeakTest. Dabarar ba ta da wuya: a sauya wa fayil ɗin gwajin suna, a ba shi sunan wata manhajar da katanga ta riga ta yarda da ita, a ga ko za ta bar shi ya fita. Sanannun katangu da dama suka faɗi, domin suna kawai suke dubawa. ZoneAlarm ta tsallake saboda tana auna ainihin abin da ke cikin fayil ɗin. Daga nan sauran kamfanoni suka gyara nasu.

Microsoft kuwa ya makara. Windows XP ta 2001 ta zo da katanga, amma a kashe, sai wanda ya san inda take ya kunna. A Agustan 2003 tsutsar Blaster, wata manhaja mai yaɗa kanta, ta shiga kwamfutoci ta tasha 135. Waɗanda abin ya shafa sukan ga sanarwa cewa kwamfutar za ta kashe kanta cikin daƙiƙa 60. Sasser ta biyo baya a 2004. A Agusta na shekarar ne babban gyaran XP na biyu ya zo da katanga a kunne tun daga farko, sai dai masu shigowa kaɗai take tarewa. Kasuwar masu zaman kansu ta fara tsukewa: Check Point ya saye Zone Labs a 2004, Symantec ya saye Sygate a 2005 ya kuma daina fitar da katangarta. Windows Vista ta 2007 ta samu ikon tare mai fita, amma an bar hanyar a buɗe sai mai kwamfuta ya rubuta dokokinsa da kansa.

Akwai hujja a wannan zaɓi. Idan akwati ya tambayi mutum ko ya bar svchost.exe ta fita, kuma bai san mece ce ba, in ya hana intanet ta tsaya, in ya bari bai san me ya bari ba. Bayan tambaya ta ashirin, yawancin mutane sukan latsa amincewa ba tare da karantawa ba. Ƙari ga haka, muguwar manhajar da ta riga ta samu gindin zama tana iya fakewa da burauzar da aka yarda da ita, ko ta kashe katangar gaba ɗaya.

Duk da haka buƙatar ba ta mutu ba, sai ma ta sauya salo. Abin damuwa ya tashi daga ɓarayi ya koma kan halastattun manhajoji masu kwasar bayanan mutum suna aika wa masu su. Little Snitch, ta wani kamfani a Biyana ta ƙasar Ostiriya, ta daɗe tana wannan aiki a kwamfutocin Apple, daga baya LuLu ta zo kyauta, OpenSnitch kuma a Linux. A 2020 masu bincike suka gano cewa macOS Big Sur ta keɓe wasu manhajojin Apple yadda irin waɗannan katangu ba sa ganin fitarsu. Da surutu ya yi yawa, Apple ya cire keɓewar a farkon 2021. A wayoyin Android, izinin shiga intanet na cikin waɗanda manhaja ke samu ba tare da an tambayi mai waya ba, shi ya sa irin su NetGuard ke bi ta hanyar VPN na cikin wayar don su tare kowace manhaja ita kaɗai. Ga wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa, amfanin a fili yake, domin manhajar da aka hana fita ba ta cinye masa ko megabait ɗaya.

Mai neman katanga a yau yana da abin dubawa daga wannan tarihi. Shin tana tantance manhaja da abin da ke cikinta ne, ko da suna kawai? Tana nuna inda saƙon zai je da bayanin da mutum zai fahimta kafin ya amsa? Akwai manhajojin da aka ɓoye mata? Masu ita suna ci gaba da sabunta ta? Tare masu shigowa yanzu aiki ne da katangar Windows da na'urar raba intanet ta gida ke yi tun daga farko. Sanin abin da ke fita kuwa har yanzu sai wanda ya nema da kansa, kuma ya yarda zai riƙa karanta tambayar kafin ya latsa.