Murhu da Makamashi: Tarihin Dafa Maɗin Itacen Mepul

A gabashin Kanada da arewa maso gabashin Amurka akwai wani itace da ake kira mepul, wanda ake hudawa a ƙarshen hunturu a tari ruwansa. Zaƙin da ke cikin ruwan kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai, alhali maɗin da ake bukata tilas ya kai kashi 66. Saboda haka sai an ƙafar da kimanin lita 40 kafin a sami lita guda. Tarihin wannan sana'a, alal haƙiƙa, tarihin neman sauƙin makamashi ne.

'Yan asalin ƙasar, irin su Ojibwe, su ne suka fara sanin ta. Sukan bar ruwan ya kwana cikin sanyi, su kwashe ƙanƙarar da ta hau kansa, abin da ya rage ya ƙara zaƙi. Turawa suka zo da tukwanen ƙarfe da ake ratayawa bisa wuta a fili, sai dai galibin zafin iska ke kwashewa, itace kuma ya ƙare a banza.

Cikin ƙarni na 19 aka koma ga faffaɗan kasko marar zurfi, aka gina masa rufaffen murhu mai bututun hayaƙi. Wajen 1900 aka lanƙwasa gindin kaskon ya zama kwari da tudu, domin harshen wuta ya lashi ƙarfe mai yawa. Sa'ad da man fetur ya yi tsada a 1973, masu sana'ar suka daɗa himma: aka riƙa ɗumama ɗanyen ruwa da tururin da ke tashi, aka kuma yawaita amfani da injin da ke tace ruwa tun kafin a kai shi wuta. Daga baya aka lulluɓe murhu da abin tsare zafi, aka sa masa fanka mai aikin zugazugin maƙeri.

Yau lardin Kebek ke samar da kusan kashi 70 cikin 100 na maɗin duniya. Masu dafa rake su yi mazarƙwaila a ƙasar Hausa suna fama da matsala iri ɗaya, watau ruwa mai yawa da makamashi kaɗan. Darasin a fili yake: wanda ya gyara murhunsa ya rage saran daji, ya kuma ƙara riba.