Rasit ɗin Haraji a Aljihun Oganeza

A 1981 na fara koyar da manya, a wani ajin firamare cikin birnin Kano da muke ara bayan sallar isha'i. Ɗalibaina mahauta ne da 'yan dako da masu gadi, magidanta masu furfura a kan bencin yara, gwiwoyinsu na tokare da tebur, fitilar ƙwai biyu a kan taga. Kafin a tura mu azuzuwa an tara mu bita ta mako guda. Na manta yawancin abin da aka koya mana a wannan mako, amma ban manta abin da wani dattijon oganeza ya yi ba. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata tsohuwar takarda da ta yi ja, ya ɗaga ta sama. Rasit ne na haraji. Ya ce mahaifinsa ya biya harajin shekara ɗaya sau biyu, domin an miƙa masa rasit na bara ya adana a cikin tukunya, yana zaton na bana ne. Sai ya dube mu ya ce, "Malamai, aikinku ke nan. Kada a sake ba wa mutumin unguwarku takardar da bai san abin da ke cikinta ba."

Wannan dattijo ɗan zamanin farko ne, kuma daga bakinsa na fara jin tarihin sana'armu. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa da ke Kaduna ya nemi a gyara mulkin En'e, cikin abubuwan da ya jaddada har da wayar da kan talaka. Daga wannan yunƙuri aka shiga gangamin da aka raɗa wa suna Yaƙi da Jahilci, kuma Malam Ahmadu Coomassie na cikin waɗanda suka riƙe ragamarsa. Ni dai a ganina rabin nasarar aikin a cikin sunan take. Kalma uku ce, ba ta bukatar tafinta. Wanda ya ji "yaƙi" ya san akwai abokin gaba, ya san ba a zuwa shi kaɗai, ya san kuma ba a juyowa a tsakiyar hanya. Hakimi ya ji ya gane, dagaci ya gane, malamin da ake ba 'yan sulalla a wata shi ma ya gane inda aka dosa.

Sunan yana da nasa aibin, kuma mu da muke cikin aji mun fi kowa sani. Mutumin da ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, ka zo ka ce masa jahili? Na sha zuwa ƙofar gida in yi ta lallashi kafin mutum ya yarda ya zo, kuma ba ƙyuya ce ta hana shi ba, kalmar ce ta yi masa zafi. Shi ya sa daga baya muka fi son cewa ilimin manya.

Abin da shugabannin wancan lokaci suka gane shi ne magana ba ta tsayuwa sai an ba ta ƙafa. Idan ka ce wa manomi zai karanta, to ka ba shi abin karantawa, in ba haka ba damina ɗaya ta isa ta wanke baƙaƙen daga kansa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita tun 1939, amma Hausarta ta yi wa sabon ɗalibi nauyi. Sai aka kafa hukumar NORLA a Zariya, wadda ta yi aiki har 1959, tana buga ƙananan littattafai masu arha da jaridun larduna: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzaga ta Zariya, Zumunta ta Bauci. Mutum ya buɗe ya ga sunan kasuwar garinsu a rubuce. Malami bai da bukatar ya yi dogon wa'azi kan amfanin boko, ga amfanin nan a hannun ɗalibi.

Bayan haka abin ya yi sanyi shekaru masu yawa. Namu zamanin ya zo ne da gwamnatin PRP ta Muhammadu Abubakar Rimi. Da hawansa a 1979 ya soke haraji da jangali, a 1980 kuma ya kafa hukumar ilimin manya ta jihar Kano, irinta ta farko a ƙasar nan. Jerin nan yana da muhimmanci. Talaka ya riga ya ga an sauke masa kaya ɗaya daga ka, don haka da aka ce masa karatu ma 'yanci ne, bai ɗauka zancen 'yan siyasa ba ne. Mu malamai ma haka. Mun taso muna jin koyarwar Malam Aminu Kano cewa talaka ya san haƙƙinsa, sai ga shi an ba mu alli an ce ga hanyar. A wannan zamani ne kamfanin Triumph ya fito da jaridun Albishir a boko da Alfijir a ajami, wanda ya rage mana wancan ƙorafi na masu ajami. A 1983 UNESCO ta ba hukumar lambar yabo. Amma ni abin da ya fi faranta mini rai shi ne sanin cewa marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun bi ta azuzuwan manya, daga baya dubban mutane suka koyi saurin karatu a littattafansu.

A matakin ƙasa, Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin shekara goma a ranar 8 ga Satumba, 1982, a 1990 kuma aka kafa hukumar tarayya ta wannan fanni. Niyya ce mai kyau, ban musa ba. Sai dai saƙon yana isowa gare mu ne da harshen takarda: kashi kaza cikin ɗari kafin shekara kaza. Babu malamin da zai bar tuwonsa ya tako cikin ruwan sama domin kashi cikin ɗari. A wani wuri da na yi aiki daga baya, babba ya zo ya karanta mana jawabi na sa'a guda da Turanci, alhali alawus ɗinmu ya yi wata bakwai bai fito ba, bai kuma ambaci zancen ba ko da kalma ɗaya. Aka yi tafi, aka watse. Kafin ƙarshen shekara rabin azuzuwan sun rufe. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin na san sunayen ɗaliban da suka kai harafin "ƙ" suka tsaya.

Da girma ya zo kaina aka ba ni horar da sababbin malamai, sai na nemi nawa rasit ɗin. Haraji ya tafi, amma takardu ba su ƙare ba. Nakan riƙe kwalbar maganin yara in tambaye su, uwar da ba ta iya karanta wannan ba, cokali nawa za ta ba ɗanta? Yanzu kuma saƙon banki nake nuna musu a waya, domin mai shayi yana buƙatar ya gane ko kuɗin ya shigo da gaske.

Cikin ɗalibaina na farko akwai wani mai gadi da muke kira Baba, ya haura sittin. Wata biyar yana fama da riƙon fensir, hannunsa ya saba da gora. Wani dare ya riga kowa zuwa, ya ciro ambulan daga cikin hula. Wasiƙa ce daga ɗansa soja. Na miƙa hannu zan karɓa kamar yadda na saba, sai ya janye. Ya ce, "A'a Malam, matso mini da fitilar dai." Na matsa masa da ita. Ya ɗora yatsa a kan layin farko, ya fara haɗa baƙi da wasali a hankali, ni kuma na koma goge allo.