Yadda Aka Gano Mai Kawo Baƙin Zazzaɓi

A ƙasar Hindu akwai wata cuta da mutanen wurin ke kira kala-azar, watau baƙin zazzaɓi. Takan fara da masassara wadda ba ta sauka, sa'an nan saifa ta kumbura har ta cika ciki, jini ya ragu, mutum ya rame sai ƙashi, fatarsa ta yi duhu. In ba a yi magani ba, cikin mutum goma da ƙyar ɗaya zai tsira.

Wajen ƙarshen ƙarni na goma sha tara cutan nan ta sauko daga duwatsun Garo ta bi kwarin kogin Barahmaputra a lardin Asam, tana cin gari bayan gari. A gundumar Naugong kaɗai, tsakanin ƙidayar 1891 da ta 1901, jama'a sun ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Likitocin Ingilishi masu mulkin ƙasar a lokacin suka yi ta gardama. Wani ya ce tsutsar ciki ce. Waɗansu, har da Ronald Ross wanda ya gano cewa sauro ke kawo zazzaɓin cizon sauro, suka ce ai shi ne dai ya yi tsanani. Aka yi ta ɗura wa marasa lafiya kwinin, suna mutuwa.

Cikin 1900 wani likitan soja, William Leishman, ya duba saifar wani soja da ya mutu a asibitin Netley a Ingila, bayan ya kamu a barikin Dum Dum kusa da Kalkata. Da madubin likita ya ga waɗansu 'yan ƙwayoyi da bai san irinsu ba. Bai buga labarin ba sai 1903, kuma a shekaran nan Charles Donovan ya ga irinsu a Madaras cikin saifar marasa lafiya masu rai. Saboda haka aka haɗa sunayensu biyu aka raɗa wa ƙwayar, Leishmania donovani.

To, an ga ɓarawo, saura a san ta inda yake shiga gida. Wannan kuwa sai da ya ci shekara 39. Da fari kuɗin cizo aka tuhuma, aka kuwa ɓata shekaru da yawa a kansa, don yana kwana da mutane, kuma ƙwayar takan ɗan rayu cikin cikinsa. Ba wanda ya kula da ƙyashi sosai. Ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai gashi-gashi, bai kai rabin sauro ba, ba ya kuka in yana tashi, yana kuma iya ratsa gidan sauro mai manyan idanu. Da rana yakan ɓuya cikin tsagar bango da turken shanu, da dare tamatarsa ta fito neman jini. Abin mamaki, tun 1908 likitocin sojan Ostiriya sun riga sun nuna cewa wani irinsa ne ke kawo zazzaɓin kwana uku, wanda ƙwayar bairos ke haddasawa, cikin 1921 kuma aka nuna a Aljeriya yana kawo gyambon nan na fata da ake kira da sunan birnin Halab.

Wani likita mai suna Sinton ya lura cewa duk inda baƙin zazzaɓi yake a taswirar Hindu, nan wani irin ƙyashi yake. Cikin 1924 Knowles da Napier da Smith suka nuna a Kalkata cewa ƙwayar tana hayayyafa cikin cikin ƙwaron. Amma da aka sa shi ya ciji masu lafiya, sai shiru. Shekara da shekaru ana gwadawa ba nasara. Ashe laifin abinci ne. Masu binciken suna ta ciyar da shi jini kan jini, alhali a daji yana shan zaƙin tsire-tsire. Da aka koma ba shi zabibi bayan ya sha jinin mai cutar, sai ƙwayoyin suka yawaita suka taru a maƙoshinsa. Cikin 1942 Swaminath da Shortt da Anderson suka sa irin waɗannan ƙwari suka ciji waɗansu mutanen Asam da suka ba da kansu, mutanen suka kamu. A ganina mutanen nan sun fi kowa cancantar yabo cikin labarin, ko da yake sunayen likitocin kaɗai aka fi riƙewa. Abin da ya sa gwajin ya yiwu shi ne akwai magani a lokacin, gama tun 1922 Upendranath Brahmachari, likita ɗan ƙasar, ya bayyana allurarsa ta urea stibamine, wadda ta ceci dubban rayuka.

Abin da ya biyo baya ba shiri aka yi masa ba. Daga 1953 Gwamnatin Hindu ta shiga fesa DDT cikin gidaje don kashe sauro. Ƙyashi da ke kwance a bango shi ma ya mutu, baƙin zazzaɓi ya kusa ɓacewa. Da aka sassauta feshin sai ya komo, domin ƙwayar tana nan laɓe cikin ƙurajen fatar waɗansu da suka warke. Cikin 1977 annoba ta sake ɓarkewa a jihar Bihar. Sai a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa maƙwabciyarta Bangaladash ta shawo kan cutar, ita ce ƙasa ta fari da ta yi haka.

A Sudan kuwa feshin ɗaki bai wadatar ba, don ƙyashin can a waje yake cizo. Yana zaune inda baƙar ƙasa ke tsagewa da rani, cikin dajin aduwa da dushe. Tsakanin 1984 da 1994, ana cikin yaƙin basasa, an ƙiyasta cutar ta kashe mutum wajen 100,000 a yammacin lardin Nilu ta Sama, inda ba asibiti ba hanya. Har wa yau tana nan a jihar Gadarif ta gabashin Sudan, inda ƙauyukan Hausawa, waɗanda kakannin da yawansu suka zauna kan hanyar Makka, ke cikin wuraren da likitoci suka yi bincikenta.